Fanel ɗin TPA3116D2 a Kabad ɗin Sauti na Haɗin Gida: Inda Ya Biya Kuɗinsa da Inda Yake Ba da Wahala

Dogon kabad ɗin sautin nan mai lasifika hagu da dama, da rediyo da garmaho a tsakiya, ya yi zamaninsa daga shekarun 1950 zuwa na 1970, lokacin da kamfanoni irin su Grundig da Telefunken na Jamus, da Zenith da Magnavox na Amurka, suke ƙera shi a matsayin kayan adon falo. Yanzu mai son irinsa sai dai ya haɗa da kansa, ko ya kai wa kafinta zane. Akasarin masu haɗawa da ɗan kuɗi kaɗan kuwa suna ƙarewa ne a kan amfilifaya iri ɗaya: ƙaramin fanel mai ɗauke da IC, wato ƙwayar lantarkin da ke ƙarfafa sauti, mai lamba TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba.

Fanel ɗin ya cancanci saye, kuma da wuya a samu abin da ya kai shi a farashinsa. Sai dai shi ne mafi arha a cikin aikin gaba ɗaya, kuma ba shi ke yanke hukuncin yadda kabad zai yi sauti ba. Abu uku ne ke yankewa: wutar da aka ba shi, akwatin da aka sa lasifika a ciki, da yadda aka raba akwatin nan da jikin kabad. Wanda ya zuba kuɗinsa a neman fanel mai manyan lambobin wat, ya yi sakaci da waɗannan ukun, zai samu kabad mai kyawun gani da ke kaɗawa yana ruri.

Abin da fanel ɗin ke iyawa a gaskiya

Takardar bayanin IC ɗin ta ce yana ba da wat 50 sau biyu a kan lasifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin tirjiyar lasifika ga wuta) idan an ba shi volt 21, kuma yana aiki daga volt 4.5 zuwa 26. Amfilifaya ne na ajin D, wato yana kunna wuta yana kashewa sau dubu ɗari huɗu ko fiye a daƙiƙa maimakon ya riƙa ƙona rarar wuta ta zama zafi, shi ya sa sama da kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha ke isa ga lasifika. Ga kabad na katako wannan babban alheri ne. Tsohon amfilifaya mai babbar taransifoma yana buƙatar fili da iska sosai, shi kuwa wannan ɗan ƙarfen sanyaya da ke samansa ya ishe shi a sauraro na cikin ɗaki.

Lambobin da 'yan kasuwa ke bugawa a jikin leda, wat 100 ko 120 kowane ɓangare, a bar su inda aka gan su. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka volt da kansa, a raba da ninki biyu na om ɗin lasifika, abin da ya fito shi ne ƙololuwar wat ɗin da za a samu kafin sauti ya fara fashewa. Da volt 12, lasifika mai om 8 tana samun wat 9, mai om 4 tana samun 18. Da volt 19, mai om 8 tana samun kusan 22, mai om 4 kusan 45. Da volt 24, mai om 8 tana samun 36. A aikace abin yana ɗan gaza haka saboda asarar da ke cikin fanel da wayoyi. Shi kansa wat 50 na kamfanin an auna shi ne a matakin da gurɓacewar sauti ta kai kashi 10 cikin ɗari, kuma kunne yana jin wannan sarai.

Wannan bai zama aibi ba. Lasifikar da ke ba da desibel 88 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) a wat ɗaya daga nisan mita ɗaya tana kaiwa 98 a wat 10, kuma wannan ya fi ƙarfin hira a falo nesa ba kusa ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa.

Inda yake ba da wahala

Matsalar farko ita ce "sssss" ɗin nan da ke fita daga tiwita, wato ƙaramar lasifikar siririn sauti, ko da babu abin da ake kunnawa. Yawanci ba lalacewa ba ce. IC ɗin yana da matakan ƙarfafa sauti huɗu, desibel 20, 26, 32 da 36, kuma masu haɗa fanel da yawa suna barinsa a 32 ko 36 don mai saye ya ji ƙara tun murɗi bai yi nisa ba. Mataki na 36 yana ninka abin da ya shigo kusan sau 63, har da duk wani ƙazamin sauti da ya biyo shi. Na 26 sau 20 yake ninkawa, kuma ya wadatar: da volt 19, abin da bai kai volt 0.7 na sauti ba ya isa ya kai fanel ƙarshensa, akasarin na'urorin Bluetooth da wayoyin hannu kuwa suna ba da kwatankwacin haka ko fiye. Rizista biyu ne ke zaɓar matakin: ɗaya yana zuwa ƙasa, wato layin ƙasa da wuta ke komawa ta cikinsa, ɗaya kuma zuwa sama, wato ƙafar IC ɗin mai suna GVDD; harafin k kuwa yana nufin om dubu. A fanel mai IC ɗaya, 47k zuwa ƙasa da 75k zuwa sama shi ne 36, 39k da 100k shi ne 32, 20k da 100k shi ne 26, 5.6k shi kaɗai zuwa ƙasa shi ne 20. Ƙananan rizistoci ne na liƙawa a saman fanel, don haka wanda hannunsa bai saba da dalma ba ya kai wa mai gyaran waya, aikin minti kaɗan ne a wurinsa. Idan fanel mai IC biyu ne, na biyun yana bin na farko da wasu lambobi daban, kada a kwafa waɗannan a kansa.

Ta biyu ta fi ɓata rai: wani siririn kuka mai tsinkewa da ke tasowa da zarar Bluetooth ya haɗu da waya. Yana faruwa ne idan na'urar Bluetooth da amfilifaya suna shan wuta daga tushe ɗaya, sai layin ƙasa ya zagaya ta hanya biyu, ta wayar wuta da ta wayar sauti, ƙazantar wutar rediyon Bluetooth ta bi ta shiga. Maganinsa ɗan ƙaramin mai raba wuta ne mai lamba B0505S, wanda ke karɓar volt 5 ya fitar da volt 5 ba tare da layin ƙasansu ya haɗu ba, ko kuma a ba Bluetooth cajar waya tata daban. Wannan ne dalilin da ya sa fanel marar Bluetooth, a haɗa shi da na'urar Bluetooth ta daban, ya fi wanda aka haɗe su wuri ɗaya daɗin sha'ani: idan mai haɗe ya zo da kukan, babu wurin da za a raba. Ga shi wasu masu haɗen suna zuwa da muryar sanarwa mai ƙarfi duk lokacin da aka kunna, wadda murɗin sauti ba ya rage ta.

Akwai abu ɗaya da ke iya lalata fanel, kuma masu saba da tsoffin amfilifaya ne suka fi faɗawa ciki. Baƙar wayar lasifika a nan ba layin ƙasa ba ce. Duka wayoyin biyu suna ɗauke da wuta. Idan aka haɗe baƙar hagu da baƙar dama wuri ɗaya, ko aka bar ɗaya ta taɓa ƙarfen da ke haɗe da layin ƙasa, an gajarce hanyar wuta. Kowace lasifika wayoyinta biyu su tafi su kaɗai daga fanel har bakinta. Juya wayar wuta, ja a wurin baƙa, shi ma kisa ne a fanel ɗin da ba a sa masa kariya ba, kuma da yawansu ba su da ita.

Kafin a biya kuɗi a duba manyan kafasitocin da ke kusa da mashigar wuta. Idan an rubuta 25V a jikinsu, kada a wuce volt 19 ko 20; wanda zai yi aiki da volt 24 ya nemi mai 35V. A kuma taɓa ƙarfen sanyaya a ji ko ya zauna daram, domin wannan IC ta samansa yake fitar da zafi. Jabun IC yana yawo a kasuwa, an goge sunan wani an buga wannan, kuma tunda ƙarfen sanyaya ya rufe shi ba a ganewa da ido a shago. Abin da mai saye zai iya shi ne ya sa a gwada masa a gabansa da volt 19 da lasifika mai om 4, a bar shi yana kiɗa na ɗan lokaci da ƙarfi, a ga ko zai riƙa ɗaukewa.

Ga masu sauraron gajeren zango ko matsakaicin zango, fanel ɗin maƙwabci ne marar daɗi. Saurin kunnawa da kashewarsa yana farawa ne daga kilohaz 400 zuwa sama, kuma yana watsa ƙara da ke shiga rediyon da ke kusa. FM bai cika damuwa ba. Wanda zai sa rediyo a cikin kabad ya nisanta ta da fanel, ya murɗa wayoyin kowace lasifika su zama igiya ɗaya, ya kuma fitar da eriya waje.

Wuta

Cajar laftof ta asali mai volt 19 da amfiya 4.74, wato mai wat 90, ita ce mafi dacewa da kuɗin talaka, kuma ta gwanjo mai kyau ta fi sabuwa marar suna. Mai amfiya 3.42 tana ɗaukar lasifika masu om 8 lafiya, amma a kan om 4 takan ɗauke idan bes ya buga da ƙarfi, sai a zargi fanel alhali caja ce ta gaza.

Inda wutar gwamnati ba ta zama, fanel ɗin yana da wata fa'ida: ana iya jona shi kai tsaye da batirin sola mai volt 12 ba tare da inbata ba, kuma volt 14.4 da batirin ke kaiwa lokacin caji ba ya cutar da shi. A sa fiyus mai amfiya 5 dab da kan batirin. Tsarin batiri mai volt 24 kuwa tarko ne, domin yana haura volt 28 idan yana caji, ya wuce iyakar 26 da aka ba IC ɗin. A nan dole a sa mai rage wuta a tsakani, a tsayar da shi a 19 ko 20.

Kabad ɗin kansa

Fallen MDF, wato katakon da aka matse daga garin katako da gam, ko na filawud yana zuwa ne a milimita 1220 da 2440, ƙafa huɗu da takwas a bakin 'yan katako. Duk arhar aikin tana cikin zana kabad ya bi wannan awon. Idan aka tsaga falle mai kaurin milimita 18 gida uku a tsaye, ana samun tsiri uku masu faɗin 400, zarto ya ci kusan milimita 3 a kowane yanka, ɗan abin da ya rage ba ya wuce kaurin yatsa. Shi ya sa zurfin 400 ya fi 450 hankali, ko da 450 ya fi sakewa: ƙarin milimita 50 ɗin nan yana mai da tsiri uku su koma biyu.

Kabad mai tsawon 1500 da tsayin 500 yana fita kamar haka. Tsiri na farko ya ba da saman kabad, 1500, da gefuna biyu masu 464 kowanne. Na biyu ya ba da ƙasan kabad, 1500, da katangun ciki biyu, su ma 464. Jimillar kowane tsiri 2428 ne, ragowar milimita 12 kacal na zarto ne, don haka a duba bakin fallen tun a shago. Idan kusurwarsa ta daku, a rage tsayin gefunan da katangun zuwa 460 duka, babu abin da zai ɓaci. Gefuna da katangu suna zama ne tsakanin sama da ƙasa. A bar ɗakin hagu da na dama su zama 380 a ciki, na tsakiya zai tashi 668. A kai yankan wurin masu injin teburi, a kuma roƙe su su yanka duk guda huɗun nan masu 464 ba tare da sun motsa ma'aunin injin ba. Bambancin milimita 2 a tsakaninsu ya isa ya sa saman kabad ya ƙi zama.

Yanzu ga inda yawancin kabad na gida ke faɗuwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a toshe gaban ɗakin hagu da na dama da katako, a huda, a ɗaura lasifika, ɗakin kansa ya zama akwati. Kada a yi haka. Duk motsin da lasifika ta yi gaba, tana tura katakon da ke riƙe da ita baya, kuma iskar da ke cikin akwatin tana dukan bangonsa. Idan bangon nan shi ne saman kabad mai tsawon mita ɗaya da rabi, to an yi ganga ne, ba akwatin lasifika ba. Ƙofofi za su kaɗa, abin da aka ɗora a sama zai yi tafiya, idan kuma akwai garmaho, allurarsa za ta ɗauki girgizar ta mayar cikin amfilifaya, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi ya mayar wa lasifika, sai a ji ruri yana hauhawa da kansa da zarar an ɗaga murya. Ga shi ɗakin ya yi girma da yawa: 380 da 464 da kusan 380 ya haura lita 60, ninki uku na abin da lasifika mai inci 6.5 ke so.

Hanyar da ta dace ita ce akwati a cikin akwati. A haɗa ƙananan akwatuna biyu daban, rufaffu, a zura kowanne a ɗakinsa a kan soso, kada ƙusa ko sukuru ko guda ɗaya ya haɗa shi da jikin kabad. Akwati mai faɗin 300, tsayin 400 da zurfin 250 daga waje, da katako mai kaurin 18, yana ba da kusan lita 20 da rabi a ciki. Idan aka cire wurin da maganaɗisun lasifika da sandar ƙarfafawa suka cinye, ya rage kusan 19. Kowane akwati yana son gaba da baya masu 300 da 400, gefuna biyu masu 214 da 400, sama da ƙasa masu 264 da 214. Tsiri na uku yana ɗauke gaba da baya da gefunan akwatunan biyu. Saman su da ƙasansu, da kantar tsakiyar kabad mai 668 da 380, sai an ƙaro rabin falle, ko a nemi ragowar yanka a wurin kafinta, wanda ya fi arha.

Lita 19 ba lamba ce ta dole ba. Idan lasifikar ta zo da lambobin nan da ake kira da sunan Neville Thiele da Richard Small, injiniyoyin da suka tsara lissafin a shekarun 1960 da farkon 1970, to ana iya auna ta daidai. Uku ne ake buƙata: Fs, saurin girgizar da lasifikar ta fi amsawa da kanta, wanda ake aunawa da haz, wato sau nawa a daƙiƙa; Qts, yadda take danne wannan girgizar; da Vas, laushin motsinta da aka auna da litocin iska. A raba 0.707 da Qts, a ninka amsar da kanta, a cire ɗaya, a raba Vas da abin da ya rage. Lasifika mai Vas lita 20 da Qts 0.5 tana son lita 20 cif, kuma idan Fs ɗinta haz 50 ne, a cikin akwatin zai hau zuwa kusan 70. Mafi yawan lasifikun da ake sayarwa a tsirara a kasuwa ba su zuwa da waɗannan lambobin, kuma wannan ne hujjar zaɓar rufaffen akwati a kan mai bututun iska. Rufaffe yana yafe kuskuren lita uku ko huɗu. Mai bututu idan aka yi shi da ka, sai ya riƙa buga sauti ɗaya tak a duk waƙar da aka sa, ga shi iskar bututun tana buƙatar mafita daga cikin kabad.

Lasifikun mota masu inci 6.5 da tiwita a tsakiyarsu zaɓi ne mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi: om 4 ne, suna jan wat sosai daga ƙaramin volt, kuma ba sa buƙatar a haɗa musu mai raba sauti. Aibinsu shi ne an yi su ne don ƙofar mota mai yalwar iska, a ƙaramin akwati bes ɗinsu yakan kumbura. A cika akwatin da audugar matashi ta roba, a sake, ba a danne ba, zai lafa. Wanda ya sayi wufa, wato babbar lasifikar bes, da tiwita daban kuwa kada ya jona tiwita kai tsaye, za ta ƙone. Mafi ƙarancin kariya kafasita ce marar kai da gindi a kan jan wayarta: 3.9 maikurofarad ga tiwita mai om 8, ko 8.2 ga mai om 4, duka suna yanke sauti daga wajen kilohaz 5 zuwa ƙasa.

A ƙarƙashin kowane akwati a shimfiɗa soso mai tauri na milimita 20 zuwa 25, irin tabarmar motsa jiki ta roba, ba sosan katifa mai laushi da zai lotse ba. A turo akwatin gaba har fuskarsa ta yi daidai da bakin kabad, domin idan ya shige ciki, sautin zai riƙa dukan gefuna kamar mai magana daga cikin rami. Ratar milimita 40 da ta rage hagu da dama a cusa mata soso mai laushi. Sai a yi firam na siririn katako, a ja masa yadi mai shara-shara, ya rufe gaban ɗakin. Gwajin yadin shi ne a kara shi a baki a hura. Idan iska ta wuce ba wahala, sauti ma zai wuce.

MDF ko filawud

Ga ƙananan akwatunan, MDF tsirara marar leda ya fi: nauyi gare shi, ba shi da ramuka a ciki, ba ya amsa kuwwa. Ga jikin kabad maganar ta bambanta. Fallen MDF mai kaurin 18 yana kai wajen kilo 40, kabad ɗin zai yi nauyin da mutum biyu za su ji a jikinsu. Ruwa ne babban maƙiyinsa, bakinsa yana sha ya kumbura, kuma ba ya komawa. A gidan da ake goge tayil da ruwa kullum, ko inda damina ke jiƙa bango, filawud mai kyau ya fi daɗewa kuma ya fi riƙe sukuru, sai dai a duba bakinsa a ga babu ramuka tsakanin yadudduka. MDF mai leda a fuska, wanda ake yin kabad ɗin kicin da shi, yana rage kuɗin fenti, amma farin gam ba ya kama ledar. Dole a kankare ta a inda katako zai haɗu, ko a dogara da turakun katako da sukuru na musamman.

Gam ne ke riƙe aikin, sukuru matsewa kawai yake yi kafin gam ya bushe. Farin gam irin Top Bond ya isa. Sukuru mai 4 da 50, a fara huda masa rami da bakin milimita 3 har iya tsawonsa, a nisanci kusurwa da milimita 50, a bar tazarar 150 tsakanin kowane biyu. Idan aka ɗaura sukuru a bakin MDF babu rami, katakon yana rabewa biyu, kuma sau da yawa ba a ganin tsagar sai an yi fenti. Kafin gam ya kama a auna kabad daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya zo ɗaya, ya miƙe. Sannan a buga bayan, filawud mai milimita 6, da gam da ƙananan ƙusoshi. Wannan siririn bayan shi ke hana kabad karkacewa, don haka kada a bar shi a buɗe wai don iska. A huda ramuka masu milimita 25, layi ɗaya a ƙasa layi ɗaya a sama a ɗakin tsakiya, a liƙa musu ragar sauro ta ciki saboda kyankyasai, waɗanda ke son ɗumin fanel.

Ƙurar MDF laushi gare ta ƙwarai, kuma akwai sinadarin gam a cikinta. A yanka a waje, da takunkumi.

Ƙafafu su kai milimita 150, na katako mai ƙarfi ko na ƙarfe daga mai walda, guda biyar ba huɗu ba. Ta biyar a tsakiya take, domin fayafayan garmaho nauyi gare su, kuma MDF yana lanƙwasa a hankali ƙarƙashin kaya. Kwalin babban faifai yana da kusan milimita 314 kowane gefe, saboda haka a bar masa 330 daga ƙasan kabad zuwa kantar tsakiya; abin da ya saura a sama, kusan 116, ya ishi fanel da cajarsa. A ɗora fanel a kan 'yan ƙafafun roba, kada cikinsa ya kwanta a katako.

Wurin fenti, bakin MDF yana shan fenti ba ya ƙoshi. A shafe shi da farin gam da aka ɗan tsinka da ruwa, siriri, ya bushe, a goge da sanfefa mai lamba 220, a sake sau ɗaya, sannan a sa fentin share fage mai mai. Mai ruwa yana tayar da gashin katakon.

Garmaho, da abin da kabad ba zai taɓa iyawa ba

Fanel ɗin ba shi da mashigar garmaho. Allura tana fitar da 'yan milivolt kaɗan, wajen 3 zuwa 5, kuma an rage bes an ƙara siririn sauti lokacin yanka faifan bisa ma'aunin da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ta tsayar a 1954. Sai an sa ƙaramin amfilifayan share fage da zai ɗaga sautin da kusan desibel 40 ya kuma gyara shi. Wasu garmahon zamani, irin su Audio-Technica AT-LP60X, suna zuwa da shi a ciki. Idan garmahon yana da siririyar wayar ƙasa, a ɗaura ta a ƙusar da aka tanada a jikin wancan ƙaramin amfilifaya, in ba haka ba gurnanin wuta ba zai bari a ji komai ba. A ajiye garmahon a tsakiyar saman kabad, a kan wani katako mai nauyi ko ragowar tayil babba da aka ɗora a kan roba.

Akwai iyakar da babu gyaran da ke cire ta. A wannan awon, tsakiyar lasifikar hagu da ta dama tazarar mita ɗaya da 'yan kai ce kawai, don haka rabuwar sautin hagu da dama tana fitowa ne ga wanda ya zauna kusa, mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga can ƙarshen falo duk ya zama ɗaya. Tiwita kuma tana wajen rabin mita daga ƙasa, ƙasa da kunnen mai zaune a kujera, ko da yake ga masu zama a kafet daidai take. A sa ɗan katako a ƙarƙashin sosan ta gaba, akwatin ya ɗaga kai da digiri 5 zuwa 10, zai taimaka. Wanda burinsa sauraro na ƙwaƙƙwafi ne ya yi akwatuna biyu a kan sanduna ya huta. Mai neman abin da zai cika filin biki kuma wannan fanel ba nasa ba ne.

Kafin a rufe gaban kabad a yi gwaji biyu. A danna takardar wufa a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarta a saki: idan ta dawo sannu, akwatin ya toshe, idan ta dawo fit, iska na fita, yawanci ta ramin waya ko ta ƙarƙashin bakin lasifika, sai a toshe ramin da silikon a kuma sa siririn soso a ƙarƙashin bakin. Silikon ɗin ya kwana ya bushe kafin a mayar da lasifika. Sannan a ɗauki batirin tocila mai volt 1.5, a cire wayoyin daga fanel, a taɓa ja a kan batirin, baƙa a gindinsa. Takardar kowace wufa ta turo waje. Idan ɗaya ta turo ɗaya ta shige, an juya waya a wani wuri, kuma bes ɗin hagu zai riƙa cinye na dama, abin da ya fi muni a kabad tunda lasifikun suna kusa da juna.